Rantsuwar Malam Bawa

Ofishin Alhaji Arzika ɗaki uku ne da baranda, a bakin titin da ya miƙe zuwa shingen kan iyaka na Magama. Aikinsu shirya wa 'yan kasuwa takardun kaya: abin da mota ta ɗauko, nauyinsa, daga ina, zuwa ina. Masu shigowa Najeriya a rubuta musu da Turanci, masu tafiya Maraɗi a rubuta musu da Faransanci saboda 'yan duwan, wato kwastan na tsallake. Kwamfuta biyar ce a ofishin, kuma shekara da shekaru kalmar sirri ɗaya ke buɗe su duka. Kowa ya san ta, har matar da ke kawo musu kunu da safe.

Mariyamu an ɗauke ta ne don fotokwafi. Injin yana ɗakin ciki, kusa da teburin Malam Bawa, dattijon da takardun Faransanci ke hannunsa tun lokacin da ake rubuta su da biro. Da kwamfuta ta zo ya koya, ya yi shekaru yana bugawa da yatsa biyu. Sai idonsa ya fara yana. Bai faɗa wa kowa ba. Mariyamu ce ta lura, ranar da ya buga lambar mota ɗaya sau uku, kowanne daban. Ta yi firamare a Ɗan Isa, can tsallaken iyaka, wajen gwaggonta, tana iya karanta Faransanci gwargwado. Ta ce masa a hankali, "Baba, kawo in taya ka." Ya tashi ya ba ta kujerar.

Shekara huɗu ke nan da wannan ranar. Da farko shi ke faɗa tana bugawa. Daga baya ba ya ma buƙatar faɗa. Sai ta gama, ya ɗauki takardun ya tafi shinge, inda ba jami'in da bai san shi ba. Ɗakin ciki ba a cika shiga ba, wanda ya shigo kuma ya same ta a kan kwamfutar sai ya ɗauka saƙon Malam take yi. Ita ba ta taɓa neman a sani ba. Abin da take so kawai, in gari ya waye ta zo ta zauna ta yi aikin da ta iya.

Watan jiya aka goge takardun wani babban ɗan kasuwa daga kwamfutar gaba. Alhaji ya tara su ya tambayi wanda ya yi, kowa ya kalli na kusa da shi. Tun da kowa da kalma ɗaya yake shiga, ba yadda za a gane. Shi ya sa ya kirawo Sakinatu, ɗiyar ƙanensa, wadda ke aikin kwamfuta a Katsina.

Kwana biyu ta yi tana jan wayoyi. Ta kawo wata baƙar na'ura ta ɗora a kan kabad ɗin Alhaji, ta haɗa ta da batirin sola, ta ce sunanta saba. Ta kwashe takardun da ke warwatse cikin kwamfutoci biyar ta zuba a ciki. Ranar Asabar ta tara su a baranda.

"Daga yau kwamfuta ba ta kowa ba ce," in ji ta. "Kowa yana da sunansa da kalmarsa a cikin saba. Ka zauna a kan kowacce, ka sa sunanka, naka zai zo maka. Abin da ba aikinka ba kuma, ba za ka ma gan shi ba. In ka kuskure kalmar sau uku za ta kulle ka, sai ni zan buɗe. In ka tashi ka bar ta minti goma, za ta rufe kanta."

"Ta fi maigadin Alhaji tsanani," in ji Zunnuraini, mai takardun Turanci. "Shi ko da goro ana wucewa."

Sakinatu ta ɗauki takarda tana tambayar kowa aikinsa. Da ta zo kan Mariyamu ta yi mata murmushi. "Ke fa, 'yar'uwa?"

Mariyamu ta buɗe baki. Ta ji idon mutane a kanta, ta ji Malam Bawa yana gyara zama a bayanta.

"Fotokwafi," Alhaji ya amsa daga bakin ƙofa.

Ta gyaɗa kai. Sakinatu ta rubuta.

Da an tsaya nan da abin ya zo da sauƙi. Amma Alhaji ya san mutanensa. Ya ce ya san kafin Litinin kowa zai rubuta tasa kalmar a bango, don haka bai yarda da alkawarin baki ba. Ɗaya bayan ɗaya ya sa su rantse da Allah cewa ba za su ba wani kalmarsu ba. Zunnuraini ya rantse yana dariya. Malam Bawa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya rantse, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ranar Litinin Mariyamu ta sa sunanta a kwamfutar ɗakin ciki don ta gani. Ta buɗe mata, fes, ba komai a ciki sai firinta. Jakar takardun Faransanci, wadda ita ta jera ta da hannunta, ɗan kasuwa bayan ɗan kasuwa, babu ita babu alamarta. Ta fita daga sunanta ta koma kan bencinta.

Malam Bawa ya zo ya zauna, ya ce ta juya baya. Ta juya tana kallon bango, tana jin shi yana laluben madannai, ɗaya, shiru, ɗaya. Karo na farko kwamfutar ta ƙi. Karo na biyu ta karɓa. Ya sauke numfashi ya tashi.

"Ga ta nan, ɗiyata. Ban ba ki kalma ba, kujera na ba ki."

Ta gama takardun mota biyu, ya ɗauka ya tafi shinge. Wani ya kawo fotokwafi shafi arba'in, injin ya cije takarda, ta tsaya tana cirowa. Da ta waiwayo kwamfutar ta rufe. Malam bai dawo ba sai bayan azahar. Awa biyu da rabi ta yi a zaune tana kallon sunansa a fuskar kwamfutar, ga aiki jibge a gefe.

Ranar Talata ta koyi dabara. Duk abin da take yi, kafin minti goma sai ta ruga ta taɓa linzamin kwamfutar. Tana fotokwafi tana ƙirga lokaci a zuci. Ta yi alwala da gudu, ta yi salla rabin hankalinta yana kan tebur, abin ya dame ta ƙwarai. Zunnuraini ya leƙo ya gan ta tana tsalle daga inji zuwa tebur.

"Mariyamu, jariri kika samu ne? Wannan irin lallashi."

Ta koma kan injin. Ta daɗe da zargin ya san komai, shi ma bai ƙara ba.

Ranar Laraba da hantsi Lawwali ya iso. Direba ne ɗan Maraɗi, ya taso daga kudu da mota cike da goro, kwana uku a hanya. Ya ajiye ta a gindin dalbejiya, inuwar ba ta rufe ko rabinta ba. Ya zagayo ta tagar ɗakin ciki ya miƙo takardunsa.

"Malam, ka san goro da zafi. Jiya na yayyafa mashi ruwa, ganyen ya fara bushewa. In na kwana nan mai kaya sai ya cinye ni ɗanye. A taimaka in wuce kafin 'yan duwan su tashi daga ofis."

"Yanzun nan," in ji Malam Bawa.

Mariyamu ta juya baya. Ta ji dannawa ta farko. Shiru. Ta biyu. Shiru mai tsawo. A ta uku ta ji ya ce, "Innalillahi."

Aka kira Sakinatu a waya. Layin yana yankewa, sai da Zunnuraini ya fita bakin titi ya ɗaga wayar sama. Ta buɗe daga can Katsina, ta ce a yi a hankali. Malam ya goge tabaraunsa da bakin riga, ya kusantar da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa madannai. Kafin minti biyar ya sake kulle kansa.

Mariyamu ta tura ƙofa ta rufe, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, ka faɗa mini kawai. Ni da kai ne."

"Na rantse."

"To ka rubuta a takarda ka ajiye nan, ka fita. Ba ka ba ni ba, tsinta na yi."

"Allah za mu yi wa wayo?"

"To ka nuna mini haruffan da kake nema, in manna musu farar takarda yadda za ka gani."

"In na nuna miki haruffan, mi ya rage?"

Ta san haruffan da ke kan madannan nan ko ido rufe. Ta san takardun goro, ta yi su ya fi sau ɗari, minti ashirin ya ishe ta. Abin da ke tsakaninta da su bai wuce haruffa takwas ba, suna cikin kan dattijon da ke gabanta.

"Ai akwai kaffara, Baba. Ka ciyar da mutum goma. Ni zan dafa."

Ya ɗago ya dube ta, ko kuma ya dubi inda take. "Kaffara ta wanda abu ya fi ƙarfinsa ce. Ni in zauna da hankalina in shirya karya rantsuwa, in aika kasuwa a sayo shinkafa tukuna? Shekarata sittin da bakwai, ɗiyata."

"To ranar da aka ce ka rantse me ya sa ba ka faɗa ba?"

Maganar ta fita kafin ta riƙe ta. Ita ma ta san amsar, don ranar ita aka fara tambaya ta yi shiru.

Lawwali ya ƙwanƙwasa tagar. "Madam, lafiya dai? Na ga an rufe ƙofa. In shawara ake a sa da ni, gorona ne."

Aka sake kiran Sakinatu. Wannan karon ta ce ba za ta buɗe daga nesa ba, wataƙila madannan ne suka lalace, za ta zo ta gani da idonta. Tana kan wani aiki, sai bayan azahar.

Rana ta take. Lawwali ya sayi ruwa jarka biyu wajen mai kura, ya hau motar yana yayyafa wa buhunan yana magana shi kaɗai. Motocin da suka zo bayansa, masu takardun wasu ofisoshi, suna ta wucewa. Duk wadda ta wuce sai ya sauko ya zo taga.

"Wannan a Funtuwa na wuce shi yana canza taya. Ga shi ya tafi."

Ya leƙo ciki ya ci gaba.

"Da can ina zuwa nan in sha shayi, kafin ya huce takarda ta fito. Wa ya ce muku ta lalace da kuka gyara?"

Zunnuraini ya gwada ko sunansa zai buɗe jakar Faransanci. Bai buɗe ba. Ya ce ko a rubuta da biro kamar da, Lawwali ya ce an daina karɓa tun bara. Mariyamu ta yi tunanin ta buga sabuwar takarda daga farko a sunanta, amma tambarin ofis da lambar jeri da bayanan mai kaya duk suna cikin jakar. Ta zauna a benci, ta tashi, ta share injin da ba ƙura a jikinsa, ta sake zama. Malam Bawa yana jan carbi.

Ƙarfe uku saura Sakinatu ta sauko daga mota, jaka a kafaɗa, zufa ta jiƙa mata gefen hijabi. Alhaji ya biyo ta ɗakin ciki, don Lawwali ya riga ya kai masa ƙara har sau biyu. Ɗakin ya cika. Mariyamu ta matsa bayan injin.

Sakinatu ta gwada madannan ɗaya bayan ɗaya. "Lafiyarsu ƙalau." Ta shiga ɗakin Alhaji ta buɗe sunan, ta dawo. "Baba Bawa, na sauƙaƙa maka. Zaɓi wata gajeriya yanzu, zan kau da kai."

Ya zaɓa. Da ƙyar, amma ta karɓa. Jakar Faransanci ta bayyana, Mariyamu ta hango ta daga inda take tsaye.

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji. "To Malam, yi wa bawan Allahn nan takardunsa ya tafi."

"Ina nan har ka gama," in ji Sakinatu, tana jawo kujera. "In ga ko firinta na amsawa daga sunanka."

Ba wanda ya fita. Alhaji ya jingina da ƙofa. Lawwali ya sa kansa ta taga. Malam Bawa ya ɗora hannu a kan linzamin, kibiyar ta yi sama, ta yi gefe, ta tsaya a inda ba komai. Ya danna. Ba abin da ya buɗe. Ya sake dannawa, wata takarda daban ta fito, ta wani mai siminti. Ya zuba mata ido kamar yana karantawa.

"Ba wannan ba ce, Baba," in ji Sakinatu.

"Na sani. Dubawa nake."

Mariyamu tana ganin bayan wuyansa, zufa na gangarowa cikin rigar. Ta san zai iya zama haka har la'asar, ba zai ce komai ba. Ta san kuma in ta yi shiru goro zai kwana, gobe a sake, jibi a sake, ita tana bayan inji tana ƙirga minti goma. In ta yi magana, a gaban maigida da baƙo da yarinyar da ya yi jika da ita za ta yi. Ta nemi wata hanya ta uku a ranta, ba ta samu ba.

"Alhaji," ta ce. Bai ji ba, sai da ta sake. "Alhaji. Ni ke yin su."

"Yin mi?"

"Takardun Faransanci. Ni ke bugawa. Malam shi ya koya mini, shi ke dubawa, shi ke kaiwa shinge." Ta fito daga bayan injin. "Amma bugawar ni ce."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Shekara huɗu," in ji Malam Bawa. Bai juyo ba. Ya ɗauke hannunsa daga linzamin ya ɗora a cinya. "Ba na gani, Alhaji. Daga nan zuwa fuskar kwamfutar nan hazo ne. Gaskiya ta faɗa."

Lawwali ya janye kansa daga tagar a hankali.

Alhaji ya cire hula ya shafa kai ya mayar. "Shekara huɗu a cikin ofishina. Malam, ni da kai shekara nawa? Da ka faɗa mini ai da tuni an kai ka asibitin ido." Ya juya kan Mariyamu. "Ke kuma ranar Asabar ba a gabana aka tambaye ki ba?"

Ta so ta ce shi ya amsa, ba ita ba. Ta sunkuyar da kai.

"Laifina ne ni ma," in ji Sakinatu. "Da na zauna na ga yadda ake aikin kafin in raba. Abin da aka faɗa mini na rubuta." Ta dubi Alhaji. "Baffa, in sa ta cikin masu Faransanci? Minti ɗaya ne."

"Sa ta. Mota na jira."

"Baba Bawa fa, in bar shi a ciki?"

Mariyamu ta ɗago tana son ta ce a bar shi, amma ba ita aka tambaya ba.

"Cire ni," in ji Malam Bawa. Ya dafa tebur ya miƙe. "Abin da ba na iya buɗewa mi zan yi da shi? Ku rage mini nauyin rantsuwa." Ya fita baranda, suka matsa suka ba shi hanya.

Sakinatu ta je ta dawo. Mariyamu ta zauna ta sa sunanta, ta kuskure sau ɗaya ta sake. Jakar ta buɗe. Ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Ta nemo mai goron, ta sa lambar mota, ta sa yawan buhu da nauyi, Sakinatu na tsaye a kanta tana kallo, Alhaji ma bai tafi ba. Ta saba yin aikin ba mai kallonta, yau sai da ta goge layi ɗaya sau biyu. Firinta ta yi ƙara ta fitar da shafi huɗu.

Ta ɗauka ta fita baranda. Malam Bawa yana zaune a ƙarshen benci, shi kaɗai, Lawwali na tsaye nesa kaɗan yana kallon motarsa. Ta durƙusa ta miƙa takardun da hannu biyu, don ko yanzu ba wanda zai kai su shinge a karɓa da wuri sai shi.

"Baba, ka yi haƙuri."

Bai ce ya haƙura ba, bai ce bai haƙura ba. Ya karɓa ya kai shafin farko dab da idonsa, a gaban direban da masu wucewa, ya karkata shi wajen haske. Sannan ya miƙo mata.

"Karanta mini lambar motar. In sun tambaye ni kada in tsaya lalube."

Ta karanta. Ya maimaita sau biyu, ta gyara masa lamba ɗaya. Ya naɗe takardun ya sa a aljihun gaba, ya laluba takalmansa da ƙafa.

"Lawwali, tada motarka ka biyo ni. Saura kaɗan su tashi."